ANA MAGANIN ƘABA, KAI NA KUMBURA

 Yau ba zancen lefe ko na kishiya na zo da shi ba, wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

A littattafanmu na soyayya, da an ce wance ta kamu da kanjamau to labari ya zo ƙarshe, sai rama, sai kuka, sai makara. A da kam haka abin yake. Amma tun 1996 da likitoci suka fara haɗa magunguna uku suna danne ƙwayar cutar, al'amura suka sauya. A Najeriya gwamnati ta fara rabon maganin a 2002, aka mayar da shi kyauta a 2006. Mai shan maganinta kan ƙa'ida sai ta yi aure, ta haifi 'ya'ya lafiyayyu, har ta goya jikoki. Sai dai fa tsawon rai da nasa kayan yake zuwa.

Ina da ƙanwar mahaifiya wadda ta shekara 11 tana shan maganin, ko fashin kwana ɗaya ba ta taɓa yi ba. Ta yi ƙiba, ta yi fes, in kin gan ta a gidan biki wallahi sai ki rantse ko zazzaɓi ba ta taɓa yi ba. Sai ciwon kai da jiri suka matsa mata. Ta ce tunani ne, ta riƙa aiken yara kemis suna sayo mata Panadol. Ran nan tana tsakar talge ta yanke jiki ta faɗi. Da muka kai ta asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki. Likita ya duba katinta ya ce, "Hajiya, ai ƙwayar cutar ta kwanta, ko a gwaji ba a ganin ta. Yaushe rabon da a auna jininki?" Inna ta yi shiru, don ita a saninta ciwo ɗaya gare ta, kuma tana maganinsa.

Abin da likitoci suka gano shi ne, ko ƙwayar ta kwanta, garkuwar jiki ba ta daina fafatawa da ita, wannan kuwa yana gajiyar da jijiyoyin jini da zuciya tun kafin tsufa ya zo. Wasu magungunan ma suna da nasu, akwai mai sa ƙiba, akwai mai taɓa ƙoda. Kada ki ce za ki daina sha saboda haka, kul! Aunawa ake yi, in da matsala likita ya canza miki wani.

A nan ne bambancin mai shi da mara shi yake fitowa. A Amurka fiye da rabin masu ɗauke da cutar sun kai shekara 50. Damuwarsu ciwon zuciya ne da ciwon suga da raunin ƙashi, kuma in sun je ganin likita ana auna musu jini, suga, ƙoda da kitsen jijiya. Mu kuwa kaya biyu muka ɗauka. Har yanzu tarin tibi shi ne kan gaba wajen kashe masu cutar a duniya, kuma a ƙasashenmu ya fi yin ɓarna, ga hawan jini da suga sun biyo baya. Inna kyauta take karɓar maganin kanjamau, amma na hawan jini da kuɗin gashin ƙashi daga aljihunmu suke fita. Ga kuma kunya: mace ta je wani asibiti ta ɓoye maganin da take sha, alhali wasu magungunan ba sa jituwa da juna.

Mu mata akwai namu na daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace mai ɗauke da cutar ta ninka sauran mata sau 6 wajen haɗarin kansar bakin mahaifa. A Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta kyauta. Ƙannena 'yan makaranta, in an zo yi kada ku tsere ta taga.

Don haka 'yar'uwa, in kina da uwa ko yaya ko miji mai shan maganin nan, ki raka su ranar karɓa. Ki buɗe baki ki ce, "Likita, don Allah a auna mata jini da suga." Tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko zufar dare, ko kumburin ƙafa, a faɗa da wuri. A rage gishiri da dunƙulen miya, a riƙa motsa jiki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum.