Tara ta gwamnati ce, diyya ta mawaƙi

Ƙanena mawaƙi ne, irin masu shiga sutudiyo da kuɗin aro. Waƙarsa ba ta daɗe da fita ba sai ga ta a rumfar wani mai turi a nan Ƙofar Kaura, ana zuba wa mutane ita a memori haɗe da finafinai. Ya zo mini ido jajir: "Yaya, wallahi sai na ɗaure shi."

Na raka shi wajen lauya, amma ni na fi shi ƙaruwa. Tambayar farko: kuɗinka kake so, ko yaron kake son gani a gidan yari? Hanyoyin biyu ne, ba kuma wuri ɗaya suke ɓullewa ba. In ka shigar da ƙara da kanka a Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ke da hurumin shari'ar haƙƙin mallaka, diyya kake nema, ko ribar da aka ci da guminka, da umarnin a daina. A nan rinjayen hujja ya isa. In kuwa aka bi ta fuskar laifi, ƙarar ta fita hannunka. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke gurfanarwa, kuma sai an tabbatar da laifin babu kokwanto. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi tarar aƙalla naira 10,000 kan kowane kwafi, ko ɗauri, ko duka biyun. Tarar nan asusun gwamnati take shiga, mai waƙa ko sisi. An yarda a bi hanyoyin a tare, in aljihu zai ɗauka.

Namu ba zai ɗauka ba. Shi ma yaron me gare shi? Tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gilashi da ɗan janareta. Cike take da waƙoƙin Shata, wanda ya rasu a 1999, alhali doka na kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Wa ya taɓa tambayar magadansa?

Manyan unguwa suka shiga tsakani, aka shirya: yaro zai riƙa sayen sabuwar waƙa a hannun ƙanena kafin ya tura. A ganina ya fi ɗauri amfani.

Inda muka yi tsuru-tsuru shi ne da lauya ya nemi takarda tsakanin ƙanena da mai sutudiyon da ya buga kiɗan. Babu. Mawaƙan Katsina, don Allah kafin ku saki waƙa ku rubuta wa ke da me, kowa ya sa hannu a gaban shaidu.