Kuɗin Citta da Faifan Gwanjo

A Fadan Kagoma, kamar sauran garuruwan da ke kan hanyar Kafanchan zuwa Kwoi, aljihun saurayi da citta yake tafiya. Daga watan Nuwamba, in an haƙe ta, an tsattsaga, an baza a kan duwatsu da bakin titi har yajinta ya riƙa kama maƙogwaro, sai kuɗi ya fara shiga hannun yara masu tasowa. Wannan ya yi ƙwadago a gonar kawunsa, wancan mamarsa ta bar masa kunyoyin da ya noma. Yawanci takalmi da wandon Kirsimeti ake saye. Amma daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar na 2000 akwai wasunmu, 'yan ƙalilan, da kuɗinmu yake ƙarewa a Kafanchan, a tsugune gaban kwalin mai sayar da faifan CD na gwanjo, muna neman kiɗan rok.

Wanda bai san yankin ba zai yi mamakin abin da ya haɗa ɗan Gwong, wato ɗan Kagoma, da jitar Turawa. Layin dogo ne ya fara haɗa su. Tun 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa, inda layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya rabu, reshe ɗaya ya hau Jos, ɗaya ya nufi Kaduna. Ma'aikatan reluwe daga kudu sun zo da garmaho da faya-fayen su Rex Lawson da Victor Uwaifo, iyayenmu da suka yi aikin soja ko malanta su ma suka dawo gida da nasu. Sannan ga coci. Duk majami'ar da ta ɗan samu hali sai ta sayi jita da ganguna, kuma yaron da aka damƙa wa jitar nan kunnensa ba ya tsayawa a waƙoƙin Lahadi. A gidajenmu Jim Reeves da Don Williams sun zama kamar 'yan dangi, da safe ana shara suna tashi a kaset. Kunnen da ya saba da Don Williams kuwa, ranar da ya ji yadda Mark Knopfler na Dire Straits yake taɓa tsirkiya da yatsa, ba sai an yi masa bayani ba.

Faifan CD ya fito kasuwa a 1982, aikin kamfanonin Sony da Philips. A 1985 Dire Straits suka fitar da Brothers in Arms, wanda shi ne ya fara sayar da kwafi miliyan ɗaya a kan CD. Mu CD bai iso hannunmu ba sai da waɗanda suka saya da tsada a Turai suka gaji da shi. Tare da kayan Kwatano yake shigowa: a aljihun motocin Beljiyam, a cikin tsofaffin rediyoyi, a kwalaye da aka cusa don cike gurbi a kwantena. Daga Legas ko Anaca sai ya biyo motar kaya, ya faɗo hannun wani mai gyaran rediyo a Kafanchan wanda ba shi ya yi oda ba.

Faifai iri biyu ne a kasuwar. Akwai ɗan Alaba, wato kwafin da ake bugawa ana rarrabawa daga babbar kasuwar nan ta Legas, a cikin ambulan na takarda, hoton ya dushe, sunan mawaƙin ma wani lokaci an rubuta shi ba daidai ba. Akwai kuma orijina na hannu, wanda shi muke farauta. Tun kafin ka buɗe za ka ji nauyinsa daban, saboda ɗan littafin da ke ciki mai ɗauke da baitoci da sunayen makaɗa. Sau da yawa takardar farashin wani kanti na Jamus ko Holan tana nan manne a bayan gidan. Sai ka zaro faifan, ka sa ɗan yatsa a ramin tsakiya, babban yatsa a gefe, ka juya bayansa ga rana. Ƙarcen da ya taso daga tsakiya ya nufi baki ba ya ba mu tsoro, na'ura tana tsallake shi. Wanda ya bi zagayen faifan shi ne mugu, don a nan waƙa za ta maƙale ta yi ta in'ina. Daga nan sai ka ɗaga shi sama ka leƙa ta fuskar da ke da rubutu. In haske ya ɓullo ta wani ɗan ɗigo, to ajiye shi, fatar da ke riƙe da sautin ce ta ɓare, kuma ba ta da magani. Ƙananan ƙarce kuwa man goge baki da tsumma mai laushi sun ishe su, a shafa daga tsakiya zuwa waje, a ɗauraye, a bari ya bushe.

Sa'armu ita ce mai kaya ba da idonmu yake kallon hajarsa ba. Abin da ke tafiya shi yake jerawa a sama: Lucky Dube, Celine Dion, Awilo Longomba, Panam Percy Paul. Masu dogon gashi da baƙar riga suna can ƙasan kwali, ƙura ta rufe su. Don haka dabarar ita ce ka ɓoye zumuɗinka. In ka ci karo da Santana ko Eagles, kada fuskarka ta nuna. Ka haɗa shi da wasu biyu da ba ka damu da su ba, ka miƙa.

"Oga, waɗannan ukun nawa za ka bar mini?"

"Ɗan'uwana, wannan orijina ne fa, duba littafinsa. Kawo ɗari shida."

"Haba Oga, tun Ista nake ganinsu a nan, ba wanda ya taya. Ɗari biyu."

"Albarka."

Sai ka mayar da biyun, ka miƙe kana kaɗe gwiwa, ka riƙe wanda dama shi ka zo nema. "To wannan shi kaɗai fa?" Ya dube ka, ya dubi sabuwar takardar naira ɗari mai hoton Awolowo da ke leƙowa daga hannunka, ya ce, "Kawo, don kai kwastoma ne." Har yau ina ganin mutuncin mutanen nan. Da yawansu sun gane wasan sarai, sun dai bar mu ne saboda sun ga yara ne masu son abu.

A gida kuma wani aikin ne. Na'urar CD ba kowa ke da ita ba, wuta kuma sai NEPA ta ga dama, don haka batirin mota muke kai caji mu ɗauko a bayan keke. Duk wanda ya samo sabon faifai, a daren za a taru a ɗakin mai na'ura, a saurare shi daga farko har ƙarshe ba mai taɓa maɓalli, sannan a juye wa kowa a kaset. Masu jitar coci su suka fi kowa cin moriya. Za su yi ta mayar da wuri ɗaya har sai yatsunsu sun kama, ranar Lahadi kuma ka ji wani salo ya ɓullo a tsakiyar waƙar yabo, dattawa suna gyaɗa kai ba su san daga ina ya fito ba. Wanda kuɗin cittarsa ya yi auki yakan hau mota ta Gidan Waya zuwa Jos, inda kaya suka fi yawa a kasuwar Taminus, kafin gobarar 2002 ta cinye ta.

Sai dai kwalin gwanjo abin da wasu suka zubar kawai yake iya ba ka, kuma akwai abin da bai taɓa ba mu ba. Nijeriya tana da nata kiɗan rok, mai ƙarfi kuwa. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, samari a Legas da Aba da Inugu suka rungumi jitar lantarki. Ƙungiyar BLO ta Berkley Jones da Laolu Akins da Mike Odumosu ta fitar da faifanta na farko a 1973. Ofege 'yan makarantar sakandare ne a St Gregory's da ke Obalende lokacin da EMI ta ɗauki muryarsu. Akwai Funkees, akwai Wings. Ginger Baker, makaɗin gangunan ƙungiyar Cream, ya zo ya kafa situdiyo a Legas, kuma a Legas ɗin ne Paul McCartney ya ɗauki yawancin Band on the Run a 1973. A nan kusa da mu ga Bongos Ikwue na Otukpo, wanda muryarsa ta riƙa buɗe wasan Cock Crow at Dawn na NTA, ga Bala Miller da ƙungiyarsa a Kaduna. Duk tonon da muka yi a kwalayen Kafanchan da Jos, ban taɓa ganin BLO ko Ofege a kan CD ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, tsarin SAP na 1986 ya zubar da darajar naira, masu satar fasaha suka mamaye kasuwar kaset, manyan kamfanonin waje suka sayar da hannun jarinsu suka tafi. EMI ta koma Ivory Music, PolyGram ta koma Premier. Daidai lokacin da Turai da Amurka suke kwashe tsofaffin waƙoƙinsu suna zubawa a CD, namu ba mai kuɗin yi musu haka. Suka tsaya a faifan garmaho, garmahon kuwa allurarsa ta ƙare, ba a samun wata. Faya-fayen suna nan a akwatunan ƙarfe na iyayenmu, ƙarƙashin gado, zafi yana lanƙwasa su, gara tana cin bangonsu, yara suna wurgi da su a tsakar gida. Wannan abu yana ci mini rai har yanzu. Ba wanda ya gaya wa tsararmu cewa sautin da muke tafiya Jos nema, 'yan ƙasarmu sun buga irinsa kafin a haife mu.

Waɗanda suka san darajarsu daga waje suka zo, suka bi gari gari suna saye da arha. A 2008 kamfanin Soundway na Ingila ya fitar da tarin Nigeria Rock Special. A 2016 kamfanin Now-Again na Amurka ya fitar da Wake Up You!, tare da littafin da Uchenna Ikonne ya rubuta a kan tashin wannan kiɗa da faɗuwarsa. Na gode musu, don ba domin su ba da wasu waƙoƙin sun tafi ke nan. Amma da dala da fam ake sayensu, kuma yawancinmu a waya muka fara jin Ofege, bayan mun yi 'ya'ya.

Ita kanta sana'ar kwalin, wayar hannu ce ta kashe ta. GSM ta shigo a 2001, bayan 'yan shekaru memori ya biyo baya, masu tura waƙa suka kafa tebur da kwamfuta a bakin tasha, da kuɗi kaɗan a cika maka waya da ɗaruruwan waƙoƙi. Masu kwalaye suka koma sayar da caja da batir.

Yanzu layi ya zo kan kaset. A shekarun 1980 da 1990 ƙungiyoyin Zumuntar Mata da mawaƙan coci da na bukukuwa a yankinmu sun ɗauki waƙoƙi masu yawa da Hausa da harshen Gwong da Ham da Tyap da Jju, kuma yawancinsu a kaset kaɗai suke, wasu ma kwafin da ya rage bai wuce na gidan mai waƙar ba. Zaren kaset yana yin fumfuna da damina, yana mannewa, rikodar da za ta juya shi kuma sai an sha wuya ake samun mai aiki. Su Soundway ba za su zo Fadan Kagoma neman waƙar Zumuntar Mata ba. Juye kaset zuwa kwamfuta kuwa rikoda mai lafiya yake buƙata, da igiyar sauti guda ɗaya, da mutumin da zai zauna ya jira kowane gefe ya ƙare, kuma matan da suka rera waƙoƙin da yawansu suna raye, za su iya faɗin wa ya tsara kowace waƙa da shekarar da aka ɗauka.