Sanyin Turai a Kasuwar Malanbil

Duk wanda ya tashi daga Kwatano ya nufi arewa, sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 700, ya wuce Paraku da Kandi, kafin ya sauka Malanbil, gari na ƙarshe a ƙasar Benin, a bakin Kogin Kwara. Daga nan gada ce ke kai mutum ƙasar Nijar, wajen Gaya. An raɗa wa garin sunan Henri Malan, wani gwamnan Faransa a Dahomey zamanin mulkin mallaka. Kasuwarsa kuwa ana lissafa ta ta biyu a ƙasar bayan Dantokpa ta Kwatano, kuma a cikinta Dendawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Yarbawa ke cuɗanya.

Mun iske garin cikin hunturu. Hazo ya rufe kogi, masunta na jin ɗumi kafin hantsi, alwalar asuba sai da ruwan zafi. Amma duk tsananin ɗarin nan, ruwa ba ya daskarewa a Malanbil. Abin mamaki shi ne, ɓarnar ƙanƙara tana isowa nan, a cikin tsofaffin injinan wanki da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano tare da firji da talabijin na hannu daga Turai.

Ga yadda abin yake. Injin wanki ba ya bushewa sarai bayan aiki. Ruwa kaɗan yakan kwanta a famfon da ke fitar da ruwa, da bawul ɗin da ke shigar da shi, da cikin tiyo. A Faransa ko Beljiyam ko Jamus, idan inji ya tsufa akan tura shi gareji, inda babu abin ɗumama ɗaki. Da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 0, ruwan nan sai ya zama ƙanƙara, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. Robar da ta tsufa ba ta iya jurewa, sai ta tsage kamar gashi, tsagar da ido ba ya gani. Injin zai kama wuta, gangarsa ta juya lafiya, amma ranar da aka ɗura masa ruwa zai yi yoyo, wataƙila har ruwan ya kai ga wayoyin lantarki. Idan ya zo nan kuma, ƙurar hunturu da zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, sukan ƙarasa busar da robar.

Wanda wannan asara ke faɗa wa ba shi da hannu a cikinta. Sau da yawa uwargida ce da ta kwashe adashinta, ko uba mai haɗa wa 'yarsa kayan ɗaki. Mayar da kaya kuma ba sauƙi gare shi ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, da aka rufe gadar, manyan motoci sun yi dogon layi a hanyar Malanbil, mutane da kaya suka koma ƙetare kogi a kwale-kwale. Wanda ya tsallaka da inji a haka, da wuya ya sake dawowa da shi neman hakkinsa.

Saboda haka muna jan hankalin mai saye, kada ya tsaya ga jin ƙarar inji. Ya nemi a haɗa masa ruwa, a bar shi ya cika, ya wanke, ya zubar, sannan a duba ƙarƙashinsa da bayansa ko akwai danshi. Mai sayarwa kuma ya tuna cewa bayyana aibin kaya wajibi ne a kansa, ko da zai rage masa riba.

'Yan'uwanmu mazauna Turai, da ku maganin ya fara. Kafin sanyi ya shigo, ko kafin ku aiko da inji gida, ku cire shi daga wuta, ku rufe famfo, ku kwance tiyo ku tsiyaye su, ku buɗe 'yar ƙofar da ke ƙasan gabansa ku zubar da ruwan matata. Idan ya riga ya daskare, kada ku kunna shi, domin famfon da ƙanƙara ta riƙe yana iya ƙonewa. Ku kai shi ɗaki mai ɗumi ya narke da kansa, ku gwada shi kafin ku sa shi a jirgi.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya tsare mu daga cin hakkin juna, amin.