Kunama Mai Nauyi, Kube Mai Tauri

A Maraɗi inda na tashi, bindiga ta soja ce da jandarma da maharbi. A nan Girinsboro kuwa, cikin jihar Karolina ta Arewa a Amurka, mai aikin dare irina a shagon gidan mai yana iya neman izinin ɓoye fistol a jikinsa. Sharuɗɗan a bayyane suke: shekara 21, horo na awa 8, ɗaukar hoton yatsu a ofishin sherif, sannan takarda mai aiki shekara 5. Idan ɗan sanda ya tsayar da kai, wajibi ne ka gaya masa kana ɗauke da makami. Samun takardar bai wahalshe ni ba kamar tambayoyi biyu da suka biyo bayanta: wace irin kunama, kuma wane irin kube?

Kunamar fistol iri-iri ce. Akwai irin ta Glock, ƙirar Ostiriya, wadda ba ta da guduma a waje. Kowane ja daidai yake da ɗan'uwansa, wajen nauyin kilo 2 da rabi, kuma babu makullin da za ka buɗe da babban yatsa. Akwai irin tsohuwar 1911 ta John Browning, wadda ake yawo da ita guduma a ɗane, makulli a rufe, kunama kuwa sakayau. Sai dangin Beretta 92 da CZ 75: ja na farko dogo ne mai nauyi, kusan kilo 5, domin yatsanka ne zai ɗana guduma ya kuma sake ta, na bayansa gajere ne, wajen kilo 2.

Yawancin abokan horona irin ta Glock suka saya, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Abu ɗaya hannu zai koya, babu canji tsakanin harbi na farko da na biyu, babu abin mantawa cikin ruɗu. Mai kunama mai nauyi kuwa sai ya ninka atisaye, domin ja na farko yakan karkatar da bakin bindiga idan hannu bai saba ba.

Duk da haka ƙarama daga dangi na uku na ɗauka. Na yi lissafi ne irin na ɗan kasuwa. Wataƙila har in bar duniya ban ɗaga wa kowa ita ba, kuma fatana ke nan. Amma kullum sai na ɗaura ta, kullum sai na kwance, da gajiya, da barci a ido, ga yara uku a gida. Wanda ya fi kowa zama kusa da bakin bindigata ni ne. Tsoro kuma yakan sa yatsa ya matse ba da shawarar mai shi ba. Ina son tazarar nan ta kilo 5 tsakanin firgitata da ran ɗan Adam. An ce magana zarar bunu ce. To harsashi ya fi ta, don ita ana iya neman gafararta.

Akwai wani amfanin guduma da malamin horonmu ya nuna mana. Lokacin mayar da bindiga kube yana cikin lokuta mafi haɗari, domin bakin riga ko igiya kan maƙale a kunama. Idan ka ɗora babban yatsa a kan guduma kana turawa a hankali, da zarar wani abu ya fara jan kunama za ka ji gudumar na tasowa, sai ka tsaya.

Batun kube ya fi taɓa mini zuciya. Jikan masu kuben fata ne ni, na san ƙamshin jima da ɗinkin dukawa, kuma da ido ke zaɓe da fata zan saya. Sai dai fata mai laushi idan ta tsufa bakinta na lanƙwashewa, har ya iya shiga inda kunama take. Na sayi na roba mai tauri da ake kira Kydex, wanda aka gasa daidai jikin bindigar: ya rufe kunama ruf, bakinsa a buɗe ko babu komai ciki, kuma sai ka ji ƙas idan ta zauna. Mutane da yawa a gaba suke sa shi, gefen cibiya, don saurin zarowa. Ni a bayan ƙugun dama nake sawa, saboda a gaba bakinta yana kallon babbar jijiyar cinya, ga kuma ruku'u da sujada sau biyar a yini.

Kube yana buƙatar bel mai ƙarfi, wandon kaftani kuwa tazuge gare shi. Saboda haka ranar Juma'a da ranakun biki tana zama a akwatin ƙarfe a kulle, in tafi masallaci hannu rabbana kamar yadda mahaifina ke tafiya.

Ɗan'uwan da ya nemi shawarata, ba na ce masa ya sayi irin tawa. Nakan ce ya fara tambayar kansa yadda yake idan ya tsorata, da yadda yake idan ya fusata. Idan amsar ba ta kwanta masa ba, kuɗin ya fi amfani a aika wa tsohuwa a gida.