Tsuntsayen Hunturu a Mashigin Bosforus

Uwargida, idan tafiya ta kai ki Istanbul da hunturu, kar kasuwa ta cinye miki kwanakin duka. Ki ware safiya ɗaya, ki ɗauki yara ku hau jirgin fito daga Eminonu zuwa Kadikoy. Ba ya kai rabin awa, amma ya tsallaka da ku daga Turai zuwa Asiya.

Da jirgi ya tashi, fararen tsuntsayen teku da Turkawa ke kira marti za su biyo ku. Ku sayi simit, burodin nan mai zagaye da riɗi, yara su gutsura su jefa, tsuntsu ya cafe a sama. Ƙananan cikinsu kansu duhu ne da bazara, da hunturu kuwa sai ya yi fari, ɗigo ɗaya ya rage a bayan ido. Ki sa yara su nemo wannan ɗigon.

Ku dubi saman ruwa kuma. Ayarin yelkovan na wucewa a jere dab da igiyar ruwa, tsakanin Bahar Aswad da Tekun Marmara, sun fi yawa wajen Fabrairu.

Iskar akwai sanyi, a sa wa yara hula da safar hannu. Wajen jifa kuma, ki riƙe ƙaramin gam.