Fijo 504 a Rumfar Gida

Nakan ware safiyar Asabar domin tsohuwar Fijo 504 da ke rumfar gidana. Faransa ta fito da wannan samfurin a 1968, daga baya aka riƙa harhaɗa shi a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975. Shi ya sa kusan duk bakaniken da ya manyanta a Arewa ya san wannan motar ciki da bai.

Abin da ya riƙe zuciyata shi ne komai nata a fili yake. In ka buɗe bonet, ga kafireta, ga filogi huɗu, ga lagireto, hannu yana kaiwa ko'ina. Idan ta fara shaƙewa da safe, nakan kwance kafireta in wanke ta da fetur, in busa ƙananan ramukanta, sannan in daidaita sulo da kunne har ƙarar injin ta kwanta. Wannan sauraron ne na fi so.

Kayan gyara na asali sun yi wuya yanzu. Sai an zaga kasuwar Panteka da haƙuri, wani lokacin a dawo hannu rabbana. Tsatsar ƙarƙashin ƙofofi kuwa tana damuna sosai, musamman in damina ta kama.