Shekarar Canjin Hannu

Manhajar da muka gina ba wata babba ba ce. Kullum da ƙarfe bakwai na safe tana turo saƙo ɗaya a waya: a rana irin ta yau, ga abin da ya faru a tarihin mota. Aikin dare ne, bayan mun taso daga ofis, kuma ba mu taɓa samun ko kwabo a kanta ba.

Layi 366 muka tanada, har da 29 ga Fabrairu. Cika su bai yi wuya ba. Ranar 29 ga Janairu 1886 Karl Benz ya nemi rajistar motarsa mai ƙafa uku a Jamus. A watan Agustan 1888 matarsa Bertha ta ɗauki motar da 'ya'yanta biyu ba da saninsa ba, ta yi tafiyar sama da kilomita 100 daga Mannheim zuwa Pforzheim, ta sayi mai a kantin magani. Ranar 1 ga Mayu 1994 Ayrton Senna ya rasu a tseren Imola. Wannan mun daɗe muna gardama a kansa, don ba kowa ke son karyawa da labarin mutuwa ba.

Da muka gama, muka sa kwamfuta ta ƙirga layukan ƙasa-ƙasa. Jamus, Amurka, Ingila, Italiya, Faransa. Najeriya sifili. Ba mu ma ji komai ba.

Babanmu ne ya tayar da maganar. Mun je gaishe shi, muka karanta masa saƙon 3 ga Satumba: a 1967 Suwidin ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama, da ƙarfe biyar na asubar Lahadi. Ya saurara, sannan ya ce, "To namu fa? Wace rana kuka sa shi?"

Mun taso muna jin "shekarar canjin hannu" a bakinsa. Da ita yake lissafin aurensa, da haihuwar yayarmu, da rasuwar kakanmu. Ba mu taɓa tambayar wace rana ce ba. Ashe Lahadi ce ita ma, 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Gowon. Maƙwabtanmu Nijar, Chadi, Kamaru da Dahomey duk dama suke bi, mu ne muke hagu irin na Ingila. Ghana ta biyo baya a 1974.

Baba yaron mota ne a lokacin, a wata babbar mota mai zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. Ya ce su canjin bai ba su tsoro ba, tunda duk tafiya sai sun sauya hannu a bakin iyaka. Abin da ya dame su sitiyari ne. Yana dama, mota kuma ta koma dama, direba ya zama yana gefen daji, ba ya hango mai tahowa idan zai wuce wata motar. Sai Baba ya zama idonsa. Ya leƙa ta tagar hagu, ya ce "tafi" ko "dakata". Shekararsa ba ta kai ashirin ba. Da zai faɗi "dakata" sai muka ga ya ɗaga hannu, ya daki iska kamar ƙofar na nan.

Yanzu mantuwa ta fara kama shi. Sunan jika yakan ɓace masa, amma wannan bai ɓace ba tukuna. Muka kunna rikoda, ya yi minti arba'in yana magana.

Akwai gurbi a kowane layi da muka sa wa suna "majiya", kuma da hannunmu muka rubuta dokar cewa ba ya karɓar komai sai adireshin intanet. Kwanan watan yana da adireshi. Labarin tagar hagu ba shi da shi, manhajar ta ƙi adana layin. Daren nan muka sassauta dokar, muka rubuta "Baba" a gurbin.

Saƙon zai fita ranar 2 ga Afrilu. Wayarsa mai maɓalli ce, ba ta ɗaukar manhaja, don haka mun shirya ɗayanmu zai kwana a gida ya karanta masa da safe.